Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a binciken abinci a Maraɗi, da yadda ake gyara su

Ranar da na fara fita anket, wato binciken gida-gida da takardar tambayoyi, a wani ƙauye da ke hanyar Madarunfa, na zauna kan tabarma gaban wata dattijuwa, takarda a cinyata, na karanta mata tambaya yadda aka fassara mana ita daga Faransanci: "Inna, me kuka ci jiya?" Ta ce, "Ɗana, ba mu ɗora tukunya ba sai da dare. Tuwo ne da miyar kuka." Na rubuta cewa gidan sau ɗaya suka ci abinci. Ban ɗaga biro ba sai ga jikarta da ƙwaryar hura, ta durƙusa ta aje gabana. Na ce, "Inna, wannan fa, jiya ba ku dama ba?" Ta yi dariya ta ce, "Mun dama mana, da safe da kuma azahar. Ai hura sha ake yi. Kai ka ce me muka ci."

Gidaje da dama na riga na wuce kafin nata, duk na rubuta musu yunwar da ba su yi ba. Tun daga ranar, in ɗalibi ya kawo mini kundinsa kan cimaka ko asarar abinci ko tsabtarsa, ba lissafin nake fara dubawa ba. Takardar tambayoyin nake nema, domin a nan yawancin ɓarnar take farawa.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne fassarar tsaye. Ana rubuta tambayoyi da Faransanci, a raba wa masu anket biyar, kowa ya fassara da ka a gaban mai amsa. Ɗaya ya ce "nono", ɗaya ya ce "madara", na uku kuma uwar ta ɗauka mama yake nufi. Tambaya ɗaya ta zama uku, amsoshin kuma a zuba su a layi ɗaya cikin kwamfuta. Gyaran ba shi da tsada. A zauna a rubuta Hausar a takarda, Hausar da ake yi a Gidan Rumji da Tasawa, inda ake cewa gujiya da hura, sannan a ba wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Faransanci, a ga inda ma'ana ta zame. Bayan haka a gwada ta a gidaje kaɗan da ba sa cikin binciken. Kuma a bi yini daki-daki: da kika tashi me kika sa a baki, da hantsi fa, a gona fa, a hanyar rijiya fa? A nan ne awara da fara da aya da kwaɗon zogale suke fitowa, abubuwan da ba wanda zai kira su abinci in ba an tono ba.

Haka kalmar "gida". Gida ɗaya a nan yana iya ɗaukar maigida da 'ya'yansa maza masu aure, a yi noman gandu tare, kowace mace kuma da gamanarta da ɗan abin da take dafa wa 'ya'yanta a ɗaki. Wanda bai tsayar da abin da yake ƙirgawa ba, ko ƙofar gida ko tukunya, zai raba tiya uku ta hatsi ga mutum ashirin a wani wuri, ga mutum shida a wani. A tambaya su wa ke ci daga tukunya ɗaya, a kuma tambayi ciyayya, wato kwanon da ke fita zuwa maƙwabta da wanda ke shigowa. Sai a lura da alkunya: uwa da yawa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta kuma sakin baki a kansa gaban surukai. In shi ake auna, kakarsa ko gwaggonsa ta fi ba da labari.

Ma'aunin bambancin abinci, wato ƙirga rukunin abinci nawa mutum ya ci a yini, shi ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Na mata masu shekara 15 zuwa 49 rukuni 10 ne, ana neman mace ta samu aƙalla 5 a yini da daren da suka wuce, kuma abin da bai kai giram 15 ba ba a ƙirga shi. Na yara masu wata 6 zuwa 23 rukuni 8 ne, har da nonon uwa, nan ma 5 ake nema. Na sha ganin an haɗa biyun an yi ɗaya. Na kuma ga an ba mace makin kifi saboda ɗan garin busasshen kifin da aka barbaɗa a miyar mutum goma sha biyar. Hurar da aka dama da nono ludayi ɗaya da ruwa rabin ƙwarya ba ɗaya take da ta ranar kasuwa ba, don haka a tambayi nonon nawa aka saya, mutum nawa suka sha.

Sai lokaci. Ɗalibi yakan fita anket lokacin da jami'a ta ba shi hutu ko lokacin da kuɗin kabu-kabu suka samu, ya dawo ya rubuta "halin cimakar mutanen Mayahi" kamar shekara duka launi ɗaya ce. Wanda ya je a watan Nuwamba, rumbu cike, ga wake ga gujiya, da wanda ya je a watan Yuli, hatsi ya ƙare, ana tsakiyar noma, zazzaɓin cizon sauro na shirin tashi, ba gari ɗaya suka gani ba ko da sunan garin ɗaya ne. In ba halin zuwa sau biyu, a rubuta watan a kan kundin, kada a faɗaɗa magana ta wuce shi. A kuma kauce wa azumi da kwanakin salla da washegarin suna ko biki.

Wajen awon yara, kurakuran na hannu ne. Zaren awon dantse na yara masu wata 6 zuwa 59 ne. A hannun hagu ake sa shi, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu daidai, hannun a sake, ba a matse ba a kuma bar shi sako-sako. Ƙasa da milimita 115, inda zaren ke nuna ja, tamowa ce mai tsanani, daga 115 zuwa ƙasa da 125, inda yake nuna rawaya, matsakaiciya. Milimita biyu da ka ci da matsi sun isa su sauya wa yaro launi. Da yawa suna manta duba kumburi: a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa daƙiƙa 3, in rami ya zauna a duka biyun, yaron na cikin haɗari komai nauyinsa. Wanda bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna tsawonsa. Shekaru kuwa, in ba takardar haihuwa ko katin awo, uwa za ta ce "shekara biyu", kai ma ka rubuta wata 24, sai a wayi gari rabin yaran ƙauye an haife su wata ɗaya. A shirya kalandar gari tun kafin fita: kafin babbar salla ko bayanta, an yi shuka ko ana yankan hatsi, shekarar da Gulbi ya yi ambaliya. A tuna watannin Musulunci suna matsowa da kwana 11 kowace shekara.

Inda na fi daɗewa da ɗalibai shi ne maganar asarar abinci, domin a nan ake kwaso rigar wasu a sa mana. Kusan kowane kundi yana buɗewa da ƙiyasin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011, cewa kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya, wajen tan biliyan 1.3, yana salwanta kowace shekara. Adadin na duniya ne, ba na Dakoro ba. Daga nan sai a ɗauko tambayoyin da aka tsara don gidajen Turai masu firji da kwandon shara, a je ana tambayar matar ƙauye abinci nawa take zubarwa. Za ta dube ka ne kawai. Tuwon da ya kwana ɗumame ne. Ƙanzo ana jiƙa shi ko a shanya. Abin da ya rage almajiri na bakin ƙofa. Dussa da ƙasari na awaki ne. Zubar da abinci abin kunya ne kuma zunubi, ko ta zubar ba za ta faɗa ba. Sai ɗalibi ya rubuta cewa babu asara a karkara, alhali yana zaune ne a inuwar rumbun da ɓera da gara suke ci.

Asararmu tana gona da rumbu da hanya da kasuwa. Tana cikin damin hatsin da ya kwana a ƙasa, da zangarniyar da ta zube wajen sussuka, da waken da ƙwari suka huda cikin wata biyu ko uku har ya koma gari, da tumatirin lambu da ya ruɓe a kwando kafin la'asar a watan Afrilu. Wannan ba a tambayarsa da baki kaɗai, aunawa ake yi. A ɗebi wake ɗari a ƙirga masu huji, a dawo bayan wata a sake ƙirgawa. A sa tiyar garin a sikeli, domin tiyar wake da ta hatsi ba nauyinsu ɗaya ba, mai tozo da shafaffiya ma haka, dami kuwa kowane manomi da girman nasa. Kuma a raba asarar nauyi da asarar daraja: buhun da ya huje yana iya riƙe yawancin nauyinsa amma a kasuwa a taya shi da wulaƙanci.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a rubuta "ba a taɓa bincike a kan wannan ba" a Maraɗi. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba, jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi tare da masu bincike na Afirka, kuma ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi suka yaɗa shi. Tun bayan matsalar abinci ta 2005, lokacin da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar dubban yara a wannan jiha, ake bincike kan tamowa a nan. A Madarunfa aka yi gwajin da aka wallafa a 2016, kan yara kusan 2,400, wanda ya nuna ba wa kowane mai tamowa mai tsanani marar wata cuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoksisilin bai ƙara yawan masu warkewa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuma tana fitar da rahotannin anket ɗin cimaka. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da bai leƙa waɗannan ba, ya bar rijiya a tsakar gida ya tafi neman ruwa.

A fannin koyar da tsabtar abinci kuskuren iri ɗaya ne kullum. A tara masu tuwo-tuwo da masu hura, a yi musu tambayoyi, a koya musu ƙa'idoji biyar na hukumar lafiya ta duniya, wato tsabta, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, ajiya a zafi ko sanyin da ya dace, da amfani da ruwa da kayan haɗi masu kyau, sannan a maimaita tambayoyin da yamma. Maki ya hau, sai a rubuta cewa hali ya canza. Hadda ce ta hau. Kowa ya san amsar "kina wanke hannu da sabulu?", balle in ana zaton mai takardar nan sunayen masu samun taimako yake rubutawa. Gani ya kori ji. A koma bayan wata biyu ba sanarwa, a zauna gefen rumfa: akwai sabulu kusa da buta? Ruwan wanke kwano sau nawa aka canza shi? Hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ya koma cikin ƙwarya? A kuma samu wasu masu sana'ar da ba a koyar ba a kwatanta da su. Sannan a tambayi abin da ya hana. Gaya wa mai hura ta ajiye nono ƙasa da digiri 5 a unguwar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba koyarwa ba ce. Amma in an gano jarkar ruwa nawa take iya saye a yini, an kama bakin zaren.

Masu ɗaukar samfur zuwa ɗakin gwaji su ma suna da nasu. Hurar da aka ƙulla a leda aka rataya a babur cikin zafin da ya haura digiri 40, aka kai ta bayan awa huɗu, ƙwayoyin cutar da za a ƙirga da yawansu a hanya suka hayayyafa, laifin kuma ya hau kan mai hura. Mazubi mai tsabta da akwatin ƙanƙara, a rubuta lokacin ɗauka da lokacin isa. Gubar afalatoksin da ke fitowa daga hunhunar gujiya da masara kuma ba ta bazuwa daidai cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan na iya ɗauke da kusan dukkanta, don haka ɗiba ɗaya daga bakin buhu caca ce. A ɗiba sama da tsakiya da ƙasa, daga buhuna da yawa, a haɗa a niƙa. A duba ƙuli-ƙuli da tunkuza ma, tunda suya ba ta kawar da gubar, kuma gujiyar da aka tsince a matsayin marar kyau sau da yawa can take ƙarewa.

Izinin mai gari wajibi ne, amma ba ya maye gurbin yardar matar da za ka auna wa ɗa, ko sanin mijinta. A faɗa mata a sarari cewa ba rabon kaya ba ne, kuma tana iya ƙi. Yaron da zare ya nuna masa ja ko aka ga kumburi, ba lamba ce ta cike takarda ba, a ranar ake tura shi likita mafi kusa, a rubuta wa uwar takardar da za ta nuna.

Shekara guda bayan anket ɗina na farko na koma ƙauyen nan da wani aiki. Dattijuwar ta gane ni tun daga nesa. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗana, takardar nan da ka cika, me ta ce a kanmu?" Kundin yana cikin kabad a birni, da Faransanci, shafi tamanin. Yanzu duk ɗalibin da ke hannuna, kafin in sa hannu a kundinsa sai ya rubuta sakamakonsa a shafi ɗaya da Hausa, ya koma ya karanta shi a ƙofar mai gari, ya kuma shiga ciki ya karanta wa matan.