Yadda ake jinyar shanyewar ɓarin jiki da hana ta dawowa

Kafin komai, a tambayi likita wace iri ce ta sami maras lafiya. Yawanci gudan jini ne ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, wani lokaci kuma jijiyar ce ke fashewa. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambanta su, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne: asfirin da ke kare na farko yana iya ƙara wa na biyu zubar jini. Kada a sayo shi da ka.

Sai haɗiya. Kada a ba shi ruwa ko abinci sai an gwada ta a asibiti, domin abin da ya ƙware shi huhu yake gangarawa ya jawo ciwon huhu, kuma wannan yana kisa. In an ba da izini, a zaunar da shi sosai, a ba shi ƙananan loma, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. Tari ko sauyin murya lokacin cin abinci alama ce ta a dakata.

Wanda ba ya iya motsi a juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. Kada a taɓa ɗaga shi ta hannun da ya shanye, domin naman kafaɗar ya saki, ja ɗaya yana iya gurɗe ta. A tallafe hannun da matashi. Wajen sa riga a fara da shi, wajen cirewa a ƙare da shi.

Ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabbin hanyoyi a watanni 3 zuwa 6 na farko, kuma maimaitawa ce ke koya mata. Atisayen da likitan gashi, wato mai koyar da motsa jiki, ya nuna a yi shi kullum, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Tausayi ne ke sa iyali su riƙa yi masa komai, amma hannun da ba a mora ƙara sandarewa yake yi. A bar shi ya riƙe kofinsa ko da zai zubar. In ya daina magana da mutane ko ya ƙi atisaye, a gaya wa likita: ciwon damuwa ya yawaita bayan wannan lalura, kuma yana da magani.

Hana dawowarta kuwa daga hawan jini yake farawa. A auna a gida, a zaune, bayan hutun minti 5, a rubuta. Galibi ana so ya sauka ƙasa da 130/80. Babban kuskure shi ne barin magani don an ji sauƙi, alhali hawan jini ba ya sallama. Maganin rage kitsen jini da na suga ma haka. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani. Taba a bar ta ɗungurungum. In bugun zuciya ba ya tafiya daidai a duba, domin yana tara gudan jini, kuma maganin tsinka jini na musamman yake buƙata.

Da zarar baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a lura da lokacin a garzaya asibiti, ko da alamar ta wuce cikin mintuna. Allurar narkar da gudan jini yawanci cikin awa 4 da rabi da fara alamun ake yin ta.