Darasi na Bakwai: Idan Mota Ta Manne Maka a Baya

Mota ba ta tsayawa nan take don an taka birki. Kafin ido ya ga jan fitilar motar gaba, hankali ya gane, ƙafa ta bar totur ta koma kan birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, wani lokaci ma fiye da haka. Duk wannan lokacin motar tana kan gudunta. Mai gudun kilomita 50 a awa, wato iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari, zai ci kusan mita 14. Mai gudun 100 a hanyar Zariya ko ta Abuja zai ci kusan mita 28, tsawon ƙananan motoci shida ke nan, alhali bai ko taɓa birki ba. Sannan ga tazarar da birkin kansa yake buƙata. Idan gudu ya ninku sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Wannan shi ya sa wanda ya shige gindin wata mota ba ya da abin yi in aka tsaya kwatsam, komai ƙwarewarsa.

Yadda ake auna tazara

Ka zaɓi wani abu da ba ya motsi a gefen titi, kamar falwaya ko allon talla. Da motar gabanka ta wuce shi, fara ƙirga a natse: dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu, dubu ɗaya da uku. In ka iso wurin ba ka gama ƙirgar ba, ka matsa da yawa, sai ka ɗaga ƙafa kaɗan. Daƙiƙa uku ke nan, kuma wannan a busasshen titi ne da rana. Da damina, musamman ruwan farko da ke haɗuwa da ƙura da baƙin mai titi ya yi santsi, ka kai ƙirgar shida. Haka ma da dare, da lokacin hazon hunturu, da ranar da ka yi lodi mai nauyi.

A cunkoso, irin na Kawo da safe ko titin Ahmadu Bello da yamma a Kaduna, akwai ma'auni mai sauƙi. In ka tsaya, ka tabbata kana ganin inda tayoyin bayan motar gaba suka taɓa kwalta. In wani ya dake ka ta baya, ba za ka daki na gaba ba, kuma kana da wurin fita in motarsa ta mutu. Bayan tirela ko tifa a kan hawa ka ƙara fiye da haka, domin takan gangaro baya kafin ta kama giya. Mai keke da ɗan bas kuwa, ka sa a ranka za su tsaya duk inda fasinja ya ɗaga hannu.

Shi kuma wanda ya manne maka fa?

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ka duba madubi, ka ga mota ta cika shi har ba ka ganin lambarta, yana ta hon, yana watso maka fitila. Zuciya za ta ce ka ɗan danna birki ya ji tsoro. Kada ka yi. In ya makara, bayan motarka zai daka, kuma mutanen da ke kujerar bayanka su za su fara jin jiki. Ƙara gudu ma ba magani ba ne, zai bi ka, sai ku zama ku biyu kuna gudun da ya fi ƙarfinku.

Maganin yana gabanka. Tunda ba ka da iko da tazarar baya, sai ka ƙara ta gaba. Ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali har ƙirgarka ta kai biyar ko shida. Yanzu ko na gaba ya taka birki, kai za ka rage gudu a hankali, na bayan ya sami lokacin ganin fitilarka. Daga nan ka ba shi hanya. A titi mai layi biyu, kunna sigina ka koma dama, hagu na masu wucewa ne. A ƙaramin titi, nemi wuri mai faɗi inda ake hango nesa, ba kan kwana ko gada ba, ka raɓe ya wuce. Kada ka yi masa daƙuwa, kada ka biye masa da zagi. In tanka ce ko tirela ta biyo ka, kamar yadda ake gamuwa da su a titin bayan gari ko wajen Mararrabar Jos, ka kauce tun da wuri, domin mota mai kaya tana buƙatar tazara mai tsawo sosai kafin ta tsaya.

Gyaran da ke kanka

Sau da yawa na baya yana duka ne don bai ga alama ba. Sau ɗaya a mako ka sa wani ya tsaya a baya, ka taka birki, ya duba ko fitilun duka suna kamawa. Ƙwan fitila ba tsada gare shi ba. Ka goge ƙura daga kansu. Ka kunna sigina tun kafin ka fara taka birki, ba kana cikin karya kwana ba. In birki ya yi laushi yana nutsewa ƙasa, ko yana ƙara kamar ƙarfe na cin ƙarfe, a duba man birki, a kai wa makaniki ranar. Sudaddiyar taya ba ta riƙe jiƙaƙƙen titi. Matashin kujera kuma a ɗaga shi ya yi daidai da saman kai, shi ke tare wuya in an daki mota ta baya. Waya a hannu tana cinye daƙiƙun nan uku gaba ɗaya.

In mota ta lalace a hanya, tura ta gefe, kunna fitilun gargaɗi huɗu, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku kamar taku sittin a baya. Ganyen da ake zubawa ba a ganinsa da dare. Fasinjoji su fito su tsaya can nesa da kwalta. In an yi haɗari akwai rauni, kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, kuma wanda ke kukan wuya ko baya kada a jijjiga shi sai masu ceto sun zo, in dai ba wuta ce ta tashi ba.