Daga Dawa Zuwa Bakin Teku: Kurakuran Da Matafiya Daga Kano Suka Fi Yi

Hutun da ya haɗa kallon namun daji da zaman bakin teku tafiya biyu ce aka ɗinke wuri guda, kuma ɓarakar galibi a wajen ɗinkin take fitowa. Masu tashi daga Kano sun fi nufar Kenya, su haɗa dajin Masai Mara da gaɓar tekun Diyani, ko Tanzaniya, su haɗa dajin Serengeti da tsibirin Zanzibar. Kusan duk asarar da ake tafkawa tun a gida ake shuka ta, kafin a taka filin jirgin Malam Aminu Kano.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen tikiti kafin biza. Mai fasfo ɗin Najeriya ko na Nijar ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi kamar yadda Turawa ke samu. Ƙasashen biyu suna cikin waɗanda sai an miƙa takardunsu ga hukumar shige da fice a can ta amince tukuna, kuma abin na iya kai wata biyu. Zanzibar ma cikin Tanzaniya take, don haka dokar ta hau kanta. Ka nemi bizar ta intanet da wuri, kada ka biya kuɗin otal ɗin da ba a mayarwa sai ta fito. Akwai kuma masu ɗauka cewa bizar yawon buɗe ido ta Gabashin Afirka za ta shigar da su ko'ina. Kenya da Yuganda da Ruwanda kaɗai ta ƙunsa. Ƙa'idar shiga Kenya ta sauya fiye da sau ɗaya tun Janairun 2024, saboda haka ka duba shafin hukumarsu a makon da za ka yanki tikiti, ba labarin wanda ya je bara ba.

Sai katin rigakafin cutar shawara. Kenya da Tanzaniya duk suna tambayar sa daga duk wanda ya fito daga Najeriya, kuma allurar ba ta fara ƙirguwa sai ta kwana 10. Wanda ya yi ta ana jibi tafiya, katinsa bai fara aiki ba. In ka taɓa yi, ta isa har tsawon rai. Katin kawai za ka nemo. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6. Zanzibar kuma tun 1 ga Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya tata ta kanta, wadda aka fara da dala 44, ko da kana da wata.

Kuskure na gaba shi ne auna yanayin can da kalandar Kano. A Afrilu nan garin yana tafasa, ba ɗigon ruwa, sai mutum ya ce bari in gudu bakin teku in sha iska. To a can Afrilu da Mayu ne tsakiyar babbar damina: hanyoyin dawa su zama taɓo, ciyawa ta yi tsawo ta ɓoye zaki, wasu masaukai su rufe, Zanzibar kuwa a wuni ana sheƙa ruwa. Rahusar da kake gani a farashin watannin nan dalilinta ke nan. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba, ita da sauƙi. Yuni zuwa Oktoba rani ne, dabbobi suna taruwa a bakin ruwa, shi ya sa ganinsu ya fi sauƙi.

Nan ne kuma ake rikita wuri da lokaci. Babban garken nan na dabbar da Suwahili ke kira nyumbu, mai kama da saniya, wanda ya haura miliyan, ba a tsaye yake ba. Kiwo yake bi kamar Fulanin tashi. Daga Yuli zuwa Oktoba yana arewacin Serengeti da Masai Mara, lokacin da yake tsallaka kogin Mara kadoji na jira. Daga Janairu zuwa Maris yana kudu, wajen Ndutu, inda yake haihuwa. Serengeti ta kai faɗin murabba'in kilomita kusan 15,000, don haka wanda ya kama masauki a kudu cikin Agusta ya je ƙasar da ta dace, ya kwana a inda garken ba ya nan. Kafin ka biya, tambayi kamfanin a wane ɓangaren dajin masaukin yake, ka duba a taswira da kanka. Ka kuma san cewa dogon hutun makarantunmu ya faɗo daidai lokacin tsada: a 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga baƙo baligi dala 100 ne a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Mai iyali ya ninka wannan da kawuna da kwanaki kafin ya yi wa yara alkawari. Farashin da ka ga ya yi araha fiye da kima, tambayi ko kuɗin shiga dajin na ciki. Sau da yawa ba ya ciki.

A fara da dawa, a ƙare da teku. Masu juya tsarin suna dawowa Kano a gajiye kamar ba su je hutu ba. Kallon namun daji aiki ne: ana fita da ƙarfe 6 na safe, bayan asuba kaɗan, domin zaki da damisa da sanyin safiya suke motsi, rana na ɗagawa su shige inuwa. Awanni ake yi cikin mota ana girgiza a kan burji, ga ƙura. Bayan kwana uku ko huɗu na wannan, jiki da kansa zai nemi rairayi.

Haka nan kwaɗayin ganin komai. A cikin kwana 10, biyu na jirgi ne. Sauran takwas, kwana uku a daji ɗaya, ɗaya na sauya wuri, huɗu a bakin teku, ya fi a lissafa dazuzzuka huɗu a kwana huɗu. Nairobi zuwa Masai Mara ta Narok awa 5 zuwa 6 ne a mota. Garin Arusha na arewacin Tanzaniya zuwa tsakiyar Serengeti kusan wuni ne. Wasu sukan ga Mara da Serengeti a manne a taswira su ce za su tsallaka da safe su dawo. Dabba ce ke tsallakawa haka, mutum sai ya zagaya ta kan iyakar hukuma irin ta Isebaniya ko Namanga, da bizar ƙasa ta biyu a hannu. A ganinmu, tafiyar farko ƙasa ɗaya ta isa. Wanda lokacinsa ya yi kaɗan ya duba haɗin da ke kusa da juna: dajin Tsavo yana kan layin dogon Nairobi zuwa Mombasa, a sauka a Voi, dajin Nyerere kuwa ɗan gajeren tashi ne daga Zanzibar.

Tikitin ma ana kuskurensa. Maimakon zuwa da dawowa ta gari ɗaya, a yanki wanda zai sauke ka a filin jirgin Kilimanjaro kusa da Arusha ya ɗauko ka daga Zanzibar, ko Nairobi da Mombasa. Jirgin Habasha yana zuwa dukkansu ta Adis Ababa. Wannan kaɗai yana ceto kwana guda.

Batun kaya kuwa, mutanenmu sun saba da manyan akwatunan Umara da Dubai. Ƙananan jiragen da ke shiga dawa kilo 15 suke yarda da shi, har da jakar hannu, kuma jaka mai laushi, domin ma'ajiyarsu ba ta ɗaukar akwati mai tauri. A Nairobi daga filin Wilson suke tashi, ba Jomo Kenyatta inda babban jirgi ya sauke ka ba. Ka bar aƙalla awa 4 a tsakani saboda cunkoson gari. A bar babbar riga da shadda mai sitaci a gida. A ɗauki kaya masu launin ƙasa, a guji baƙi da shuɗi mai duhu domin su ke jawo ƙudan tsando, musamman a dajin Tarangire na Tanzaniya, cizonsa kuwa yana ratsa yadi marar kauri. A sa rigar sanyi: bakin ramin Ngorongoro, wurin kallon namun daji kusa da Serengeti, ya haura mita 2,000 a sama, safiyarsa a Yuli ta yi kama da tsakiyar hunturun Kano. Kada a naɗe kilishi ko takalmi a leda, Kenya ta haramta ta tun 2017, Tanzaniya tun 2019. In za a canji dala a Wapa, a zaɓi sababbin bugu marasa yaga ko rubutu, domin tsofaffi ana mayar da su. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu.

Abinci a Zanzibar da Mombasa ba matsala, garuruwan Musulmi ne. Masaukan dawa ne ake dafa naman alade a kicin ɗaya da sauran, don haka a rubuta musu buƙatar halal tun lokacin kama ɗaki, ba a teburin cin abinci ba. Alƙibla kuma ba gabas ba ce a can. Zanzibar kusan saitin Makka take daga kudu, arewa ake fuskanta. Agogonsu yana gaban namu da awa 2, sannan Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa: direba ya ce maka "saa moja", wato awa ɗaya, ƙarfe 7 yake nufi. A sa ya rubuta lokacin da lamba, a tabbatar wane lissafi ne.

Saura tekun kansa. Hoton otal ba ya nuna janyewar ruwa. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiyani, sau biyu a wuni ruwa yana ja da baya ya bar fili mai nisa, sai ciyawar teku da wasu halittu masu ƙaya da ke huda tafin ƙafa. Mai son ya shiga ruwa kowane lokaci ya kama ɗaki a Nungwi ko Kendwa a arewa, sai dai can an fi hayaniya da kiɗa da shigar da ba kowane magidanci zai so iyalinsa su gani ba. Gabas ta fi shiru. A nemi jadawalin cikowar ruwa a wajen masu otal, a sayi takalmin roba na shiga ruwa. Wanda iyonsa bai wuce na dam ɗin Tiga ba, kada ya hau kwalekwalen kai baƙi kallon kifi sai ya ga rigar ceto daidai da kowane kai, har da na yara, kafin a kunna inji.

Daren ƙarshe a kwana kusa da filin jirgi. Nungwi zuwa filin jirgin Zanzibar ya haura awa ɗaya a mota, kuma wanda ya dogara da jirgin ruwan da ke tsakanin Zanzibar da birnin Darussalam, mai cin kusan awa 2, ya tsallaka tun ana gobe tafiya.