Yadda zaka shiga binciken gurɓatar iska da lafiyar mutane

Toh da farko dai ka cire tunanin wai sai likita ne ke yin wannan aikin. Wani ta kemistiri yake shigowa, wani ta fannin lafiyar al'umma, wani injiniya ne, kai Arden Pope ma da ake ji dashi a harkar nan tattalin arziki ya karanta. Shine ya lura cewa lokacin da wani kamfanin ƙarfe a kwarin Utah na Amurka ya tsaya da aiki tsakanin 1986 da 1987 yaran da ake kwantarwa asibiti saboda ciwon numfashi sun ragu sosai, da kamfanin ya dawo aiki kuma suka sake ƙaruwa. Duk digirin da kake dashi na kimiyya zai iya kai ka, abun da bazaka tsallake ba shine lissafin ƙididdiga.

Dan Allah ka zauna ka koye shi da gaske, ka haɗa da manhajar R ko Python, saboda auna hayaƙi ba shine wahalar ba, wahalar itace ka nuna cewa iskar ce ta kwantar da mutum ba taba sigari ba, ba sanyi ba, ba talauci ba, kuma waɗannan abubuwan kullum tare suke tafiya, wanda yake zaune kusa da babban titi ko masana'anta sau da yawa shine dama bashi da halin zuwa asibiti. Ka nemi binciken birane shida na jami'ar Harvard da ya fito a 1993 ka karanta a tsanake, mutum sama da 8,000 suka bi na tsawon shekaru, bayan sun cire tasirin taba da sauransu suka ga mace-mace a birnin da yafi gurɓata ya zarce na mafi tsabta da kashi 26 cikin ɗari. Kula da yadda suka tsara aikin, nan darasin yake.

Sai ka san abun da kake aunawa. PM2.5 ƙura ce 'yar mitsitsiya, faɗinta bai wuce maikromita 2.5 ba, tana wucewa har can ƙasan huhu, shiyasa ba asma kaɗai take tayarwa ba har da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ma'auninta na iyakar PM2.5 na shekara daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska. Akwai kuma NO2 da ozon, wasu nau'in iskar gas ne masu cutar da huhu, su ma ka san inda suke fitowa.

Kar ka jira sai ka samu gurbin mastas. Shafin intanet na OpenAQ na bada bayanan gurɓatar iska kyauta, ɗauko na birni ɗaya na shekara guda ka zana ka ga watan da gurɓatar take hawa da awar da take sauka. In ka samu ƙaramar na'urar aunawa mai araha toh ka fara ajiyeta gefen babbar na'ura da aka tantance ka gwada su, don laima a iska tana sa ƙananan su ƙara lamba. Kuma na'urar dake kan rufin bene ba ita ke shaƙar abun da mai girki da itace ko direba ke shaƙa ba, ni a ganina wannan gibin yafi komai buƙatar sabbin hannu.

Bayanan marasa lafiya kuwa amana ce, baka taɓa su sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma a cire sunaye. Wajen zaɓen mastas ko digirin digirgir ka duba malamin da zai kula da kai fiye da sunan jami'ar, karanta takardunsa biyu ko uku, sannan ka tura masa imel gajere ka haɗa da wancan zanen da kayi da tambaya ɗaya da kake son amsawa.