Yadda Ake Jan Tirelar Kwana Zuwa Sansani Da Ƙananan Yara

Tirelar kwana ɗaki ne mai tayoyi da mota ke ja, da gado da madafa da bayi a ciki. Yawancin matsalarta daga lodi take farawa, tun ba a bar gida ba. A duba littafin mota a ga abu biyu: nauyin da za ta iya ja, da nauyin da za ta iya ɗauka a jikinta. Na biyun ne ake yawan mantawa. Direba da fasinjoji da kujerun yara da kayan but duk a cikinsa suke, har da nauyin da wuyan tirela ke ɗorawa a kan ƙugiya. Ruwa ma kaya ne: lita 100 a tanki kilo 100 ke nan. In akwai famfo a sansanin, a tafi da kaɗan a cika a can.

Nauyin da ke kan ƙugiya ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta. Tirela mai kilo 1,500 ke nan tana ɗora kilo 150 zuwa 225 a bayan mota. Idan ya gaza haka, tirela za ta riƙa wutsiya hagu da dama da zarar an ƙara gudu ko babbar mota ta wuce. Idan ya zarce, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Saboda haka kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da tayoyi, kusan kashi 60 a gabansu. Kekunan yara da ake ratayawa a can baya su ne ke ɓata wannan lissafi ba a sani ba.

In ta fara wutsiya a hanya, kada a danna birkin mota, kada a yi ta murɗa sitiyari ana neman gyara ta. A riƙe sitiyari sak, a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, in akwai na'urar birkin tirela a matsa ta da hannu. Sai a tsaya a sake lodi.

Kafin tashi, a tabbata wuyan tirela ya zauna a kan dunƙulen ƙarfen ƙugiyar mota kuma an sa fil ɗin makulli. Sarƙoƙi biyu a gitta su a ƙarƙashin wuyan tirela, don su tallafe shi in ya kuɓuce. Wayar birkin gaggawa, wadda ke kama birkin tirela in ta rabu da mota, a ɗaure ta a jikin mota, ba a jikin sarƙa ba. Mutum ɗaya ya tsaya a baya a gwada sigina da fitilar birki. Iskar taya da safe ake aunawa kafin ta ɗau zafi, kuma tayar tirela tsufa ke kashe ta ba tafiya ba: lambobi huɗun ƙarshe na lambar da ta fara da haruffan DOT a jikin taya suna nuna mako da shekarar ƙira, wadda ta haura shekara biyar zuwa shida a canza ta ko da zanenta na nan. A rufe tukunyar gas.

Yara ba sa zama a cikin tirela tana tafiya, ko da barci suke yi. Babu bel, kuma jikinta ba a yi shi don karo ba. Kowa a kujerarsa ta mota, jariri yana fuskantar baya. A tsaya duk bayan awa biyu su miƙe ƙafa, a kuma taɓa tayoyin tirela a ji ko wata ta fi sauran zafi. Tafiyar da taswira ta ce awa huɗu, da tirela da yara a ƙiyasta shida, a kuma isa da sauran rana.

Isowa ce ta fi haɗari. Direba ya gaji, yara sun ƙosa su sauka, shi kuma ba ya ganin bayan tirela. Su zauna a ɗaure har a gama ribas. A ɗora hannu a ƙasan sitiyari. Inda hannu ya nufa, can bayan tirela zai nufa. Mai ba da hannu ya tsaya inda ake ganinsa a madubi, in ya ɓace a tsaya cak. A daidaita gefe da gefe da katako a ƙarƙashin taya, a sa weji a tayoyi kafin a kwance ƙugiya, sannan a daidaita gaba da baya da jak ɗin wuya. Firjin gas ba ya aiki daidai a karkace, yana ma iya lalacewa.

Da dare janareta ya yi nesa da taga, kada kuma a ɗumama ɗaki da murhun girki, domin suna fitar da iskar kabon monoksaid mai guba, kuma ba ta da wari. A gwada ƙararrawarta da ta hayaƙi kafin kwanciya. Gadon sama a bar wa wanda ya kai shekara shida, da shinge a gefe.

Tankin bayi kuma a bar bawul ɗinsa a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku. In an bar shi buɗe, ruwan ya tsiyaye, dattin ya daskare a ƙasa. A fara zubar da shi, sannan na ruwan wanka, don ya wanke tiyo.