Babi na Bakwai: Karanta Shekara da Labarin Mama Albertina Sisulu

Darasi na ɗaya

Kowa ya buɗe littafinsa, ya ɗora yatsa ƙarƙashin layin farko. Mu karanta tare, ba gaggawa.

An haifi Albertina Sisulu a 1918 a yankin Transkei, Afirka ta Kudu. Ta koyi aikin jinya a Johannesburg. Ta auri Walter Sisulu a 1944. A 1956 tana cikin mata wajen 20,000 da suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria, suna ƙin dokar da ta ce baƙar fata ba zai yi yawo ba sai da takardar izini. An yanke wa mijinta ɗaurin rai da rai a 1964, bai fito ba sai 1989. A 1994 aka zaɓe ta 'yar majalisa, kuma ita ce ta miƙe a zauren ta gabatar da sunan Nelson Mandela don ya zama shugaban ƙasa.

To, ga aikinmu. Kowace shekara a nan lamba huɗu ce. Ana farawa daga hagu, wato ɓangaren hannun da ba a cin tuwo da shi. Masu karatun allo, idonku ya saba da dama, ba laifi ba ne, sai dai a nan hagu za ku nufa. Lamba ta farko dubu ce, ta biyu ɗari, ta uku gomiya, ta huɗu ɗaiɗai.

Ku dubi 1944. Dubu ɗaya, ɗari tara, arba'in, da huɗu. Yanzu 1994. Dubu ɗaya, ɗari tara, casa'in, da huɗu. Sun yi kama, ko? Lamba ta uku ce kaɗai ta raba su. Ku rufe biyun farko da babban yatsa, ku dubi ta uku. In 4 ce, arba'in. In 9 ce, casa'in. A sake. Rufe biyu, dubi ta uku. Madalla, Baba, haka ake yi. Hajiya, kada ki ji kunya, sake faɗa da ƙarfi. Rufe biyu, dubi ta uku, sannan ki buɗe baki.

Haba jama'a, har yanzu ina jin masu cewa ta shiga majalisa a 1944! Wace majalisa? A lokacin baƙar mace a ƙasar ko ƙuri'a ba ta da ikon jefawa. Matar nan an tsare ta, an hana ta taro da tafiya shekara da shekaru kafin ta kai kujerar nan, ku kuma kun share duk wannan saboda ƙyuyar duba lamba ɗaya. Wanda bai yi bita a gida ba, kansa ya cuta. A sake daga farko: rufe biyu, dubi ta uku.

Darasi na biyu

Rubuta 1994 a sama, 1944 a ƙasa, lamba ƙarƙashin lamba. Ɗebe. Amsa 50, shekarun da ke tsakanin aurenta da shigarta majalisa ke nan. Ku yi wa 1989 da 1964 haka.

Darasi na uku

Ta rasu a 2011. Dubu biyu da goma sha ɗaya. Kada a tsallake sifirin. A kwafa sau biyar, a kawo gobe.