Darasi na 9: Kayan aikin canza takalmin birki a gida

Idan ka taka birki ka ji ƙarar ƙarfe yana gugar ƙarfe, takalmin birkin, wato abin da ke matse farantin birki ya tsayar da taya, ya cinye. Bai kamata a kai nan ba. Da zarar kaurinsa ya ragu zuwa milimita 3, lokacin canji ya yi. Kana iya yin aikin a ƙofar gida, amma ka tara kayan aikinka wuri ɗaya kafin ka taɓa taya.

Mu fara da abin da zai riƙe motar, don a nan ne rai yake. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, ba a barin mota a kansa ana aiki. Sai ka sami ƙafar ƙarfe ta tokare mota, ko guntun katako mai kauri marar tsagewa. Kada ka yi amfani da bulon siminti, yakan farfashe ba tare da ya ba ka alama ba. Ƙasarmu ta Sakkwato kuma rairayi ce a unguwanni da dama, jak yana nutsewa a cikinta a hankali har motar ta karkata. Nemi daɓe, in babu ka shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak. Ja birkin hannu, ka sa katako gaba da bayan tayar da ke ƙasa. Tayar da ka cire kuma, tura ta ƙarƙashin motar.

Sai wilsifana, sifanar kwance notin taya. Yawancin Corolla lamba 21 suke ci, Honda 19, Golf 17. Sassauta notin tun taya tana ƙasa, sannan ka ɗaga.

Bayan taya za ka ga faranti, da ƙarfen da ya rungume shi, wanda kanikawa ke kira kalifa. A Corolla, sifana lamba 14 ce ke kwance shi. Mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, ba ta cinye kan noti. Ka tanadi guntuwar waya ka rataye kalifa da ita, kada ya yi lilo a jikin tiyon man birki, tiyon zai iya tsagewa. Sabon takalmi ya fi tsohon kauri, saboda haka sai an mayar da fistan, wato ƙarfen cikin kalifa da ke tura takalmi, ciki. Ana yin wannan da matsi mai dunƙule ko babbar filaya, a ɗora tsohon takalmin a kan fistan a matsa sannu a hankali. Fistan birkin baya na Golf ba ya komawa da matsi kaɗai, murɗa shi ake yi da nasa ƙarfen. Wannan ka bar wa bakanike.

Sauran ƙanana ne: sukudireba, burushin waya na kankare tsatsa da ƙurar hunturu, tsumma, da giris na birki. Giris kada ya taɓa fuskar takalmi ko faranti ko kaɗan. Man birki kuwa, karanta murfin tankinsa, za ka ga DOT 3 ko DOT 4. Abin da aka rubuta shi za ka saya.

Ana canza takalmi hagu da dama tare, kuma ka tafi kasuwa da tsohon ka gwada. Idan ka gama, taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa.

Aikin yi: Duba motar gidanku ko ta maƙwabci, ka rubuta lambar wilsifanarta da abin da ke kan murfin man birki, ka kawo aji.